Yamai ko Damagaram: Wa Ya Tambayi Yarinyar?

Mu bakwai muka zauna a wani zaure cikin Birni, a Damagaram, bayan sallar la'asar, maza shida da goggo ɗaya wadda ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar cikin gida. An ɗora shayi, an yi addu'a. Abin da ya tara mu shi ne makomar ɗiyar ƙanwata, yarinya mai shekara 18, wadda ta ci jarrabawar bak a seri D da makin da ya sa malamanta na lise suka tako har gida yin barka. Ta nemi gurbin karatun likita a wuri biyu, kuma duka biyun suka karɓe ta: tsangayar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da tsangayar lafiya ta Jami'ar André Salifou a nan Damagaram. Sa'a biyu da rabi ana magana. Sau uku yarinyar ta shigo zauren. Ta kawo ruwa, ta kawo gawayi, ta dawo ta kwashe kofuna. Babu wanda ya ce mata zauna. Babu wanda ya ɗaga kai ya ce, ke me kike so?

Tun ranar raina yake ɓace, kuma ba zan ɓoye ba.

Ku duba irin ramukan da yarinyar nan ta tsallake kafin ta iso inda take. A ƙasar nan, kimanin mata uku cikin huɗu ana ɗaura musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Cikin ƙawayen da suka shiga aji ɗaya da ita a firamare, waɗanda suka kai aji na ƙarshe a lise ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Jarrabawar bak kuwa, shekaru da yawa waɗanda suke ci ba sa kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna. Cikin waɗanda suka ci, kaɗan ne ake buɗe wa ƙofar likitanci, don gurbin ƙidayayye ne kuma da maki ake tacewa. Ta yi karatu da fitilar waya a daren da babu wuta. Ta yi lissafi da kimiyyar halittu bayan ta gama wanke-wanke. Duk wannan ita kaɗai ta yi shi, babu wanda ya riƙe mata alƙalami. Sai ranar da ƙofa biyu suka buɗe mata, ranar da ya kamata a ce an zauna a saurare ta, sai dattawa suka taru suka karɓe maganar daga hannunta, suka mai da ta mai kawo gawayi.

Baffanta, wan mahaifinta, shi ya fara. Alhaji ne mai rumfa a kasuwar Dole, mutumin kirki mai zumunci, shi ya biya mata kuɗin littattafai shekara uku, kuma ba zan manta masa da wannan ba. Amma hujjarsa ɗaya ce tak, ya juya ta sau biyar cikin kalmomi dabam-dabam. "Yamai za ta. Duk babban likitan da ka sani a ƙasar nan, ina ya yi karatu? In aka ce ɗiyarmu tana Yamai tana karatun likita, kai ma ka san an faɗi magana." Na ce, "Alhaji, a wace shekara ɗalibi yake fara shiga asibiti yana taɓa marar lafiya a can? Ɗalibai nawa ne a aji? Ina za ta kwana?" Ya ce waɗannan ƙananan maganganu ne, in an je za a gani.

Mutumin nan ba ya sayen buhun wake sai ya soka hannunsa har gwiwa ya ɗebo na ƙasa ya duba ko da ƙwari. Ba ya karɓar atamfa don sunan da aka buga a bakinta, sai ya murza ta tsakanin yatsu. Amma shekara bakwai zuwa takwas na rayuwar ɗiyar ƙaninsa, zai saye su da suna kawai, bai taɓa taka harabar ko ɗaya daga jami'o'in biyu ba. Abin da yake nema shi ne abin faɗa a rumfa da wurin ɗaurin aure. Wannan shi ne gaskiyar, ko da ta yi ɗaci.

Na san inda wannan ciwo ya samo asali, don ni ma a cikinsa na tashi. Bayan Faransawa sun ci Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini cikin 1899, nan Damagaram suka mai da mazaunin mulkinsu daga 1911, sannan a 1926 suka kwashe komai suka koma Yamai, suna kafa hujja da ƙarancin ruwa, ga kuma kusancinmu da Kano da ke hannun Ingilishi. Tun daga ranar, duk takardar da ke buƙatar hatimi yamma take nufa. Da aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, a Yamai aka kafa ta. Jami'ar Musulunci da aka buɗe a 1986 a Say take, kusa da Yamai. Kusan shekara arba'in, duk ɗan Damagaram da ya ci bak kuma bai samu fita waje ba, sai ya hau mota ya bi Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 900, kafin ya ga ajin jami'a. Sai a 2008 aka buɗe cibiyar koyon fasaha a nan, wadda ta zama jami'a a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa. Uwaye da kakanni da suka shekara arba'in suna raka ƴaƴansu tasha sun koyi darasi ɗaya, cewa ilmi yana can, nan kuwa sai jira. Na fahimci wannan. Amma fahimta ba yarda ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu ne dai mutanen da ba ma gajiya da alfahari. Ku zo wurin biki ku ji yadda ake kiran Sarki Tanimun, ganuwar da ya kewaye Birni da ita, igwogin da maƙeransa suka zuba a cikin garin nan, ayarin da ke tasowa daga Tarabulus su sauke kaya a Zango. Bakinmu cike yake da Damagaram ta jiya. Amma a ce ɗanka ya yi karatu a Damagaram ta yau, sai a taɓe baki a ce "ta gida". Jami'ar tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun, ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Ita kuma ta Yamai da ake ɗaga wa kai, sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana, haifaffen Tasawa, nan maƙwabtanmu. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa zama kayan gari ɗaya ba. Mu ne muka yarda aka koya mana raina abin da ke ƙofar gidanmu.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka cewa ina bayan goggo ne, don ita ta ce yarinya ta zauna Damagaram. A'a. Maganarta ta fi ta Alhaji tayar mini da hankali.

Goggo ba jami'ar Damagaram take ƙauna ba, ba ta ma san ko ta wace hanya ake zuwa ba. Igiya take nema. "Ɗiya mace ba ta nisa da idon uwarta. Ta zauna nan, tana zuwa tana dawowa, in miji ya fito a yi abin da ya kamata." Kuma kowa a zauren ya san miji ya riga ya fito, an aiko tun kafin sakamakon jarrabawa. A wurin goggo, amfanin jami'ar gida shi ne ana iya cire yarinya daga cikinta ba tare da an biya kuɗin mota ba. Na ga wannan da idona a gidaje fiye da ɗaya: yarinya ta fara karatu daga ɗakin uwarta, da safe ta share tsakar gida, da rana ta dawo ta ɗora tukunya, da tsakar dare a tashe ta don famfo ya kawo ruwa a cika randuna, don kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan da ke zaune bisa dutse. A shekara ta biyu a ɗaura aure da alkawarin za ta ci gaba. A shekara ta uku ga goyo, ga kwanan gadi a asibiti, miji ya ce shi ba zai iya ba. Shi ke nan, an rufe littafi, kuma babu wanda zai ce shi ya rufe.

Su kuma mazan da suka gyaɗa kai ga maganar goggo, su ne dai gobe za su tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa suna faɗa, wai don me namiji zai duba matansu, ina likitoci mata? Daga sama za su faɗo? Likita macen da kake nema wa matarka, ɗiyar wani ce da aka bari ta yi shekara takwas tana karatu, aka ɗauke mata tukunya, aka ce wa masu neman aurenta su jira. Kana son ɗiyar wani ta yi, taka kuwa ta zauna kusa da murhu. Wannan zalunci ne, kuma ba na neman wata kalma mai laushi da zan kira shi da ita.

To, in an ajiye alfaharin Alhaji da igiyar goggo, akwai zaɓi na gaske a nan, kuma mai wuya ne. Shi ya sa ya cancanci a yi masa zama na hankali.

Yamai tana da abin da shekaru kaɗai ke bayarwa. Tun shekarun 1970 ake koyar da likitanci a can. Manyan farfesoshi sun fi yawa a can, ƙwararru a fannoni dabam-dabam a can suke. Ga Asibitin Ƙasa na Yamai, ga asibitin Lamorde a gefen jami'ar a ƙetaren kogi, ga asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, ga sabon babban asibitin da ake tura masu manyan cututtuka. Ɗalibin da ya yi karatu a wurin zai ga cututtuka da na'urorin da ba ko'ina ake ganinsu ba, kuma zai san mutanen da wata rana za su buɗe masa ƙofar ƙwarewa. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne, ƙarya yake yi. Amma babban gari yana da kuɗinsa. Ɗalibai sun yi yawa, gadajen kwana a gidajen ɗalibai ba su kai yawan masu nema ba, haya da tsada, kuma in uwarka ta kwanta ciwo, yini guda cur za ka yi a mota kafin ka ga fuskarta. Marasa lafiya da yawa Zabarmanci za su yi maka, dole ka koya, wanda kuma ba aibu ba ne, ƙari ne, amma aiki ne.

Damagaram yarinya ce a wannan fage. Kowace sabuwar tsangaya tana farawa da malamai kaɗan, wasu darussan sai malami ya zo daga wani wuri ya ba da su cikin ƴan kwanaki ya koma, ɗalibi ya haɗiye abin wata uku cikin mako biyu. Wannan rauni ne na gaske, kuma ɓoye shi don kishin gari cin amanar ƴaƴanmu ne. Amma Asibitin Ƙasa na Damagaram yana karɓar marasa lafiya daga jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan uku da rabi tun a ƙidayar 2012. Zazzaɓin sauro a damina, tamowa a jikin yara, naƙuda mai gardama da aka ɗauko daga ƙauye a makare, cututtukan da likitan ƙasar nan zai yi ta fama da su har ya yi ritaya, duk suna nan kullum. Ɗalibar da ke jin Hausa da ɗan Barbarci za ta ji abin da tsohuwa ke nufi in ta ce cikinta na murɗa, ba sai da tafinta ba. Kuma inda ɗalibai ba su cika yawa ba, hannu ya fi saurin kaiwa ga aiki.

Wasu matsalolin kuma ba su san Yamai ko Damagaram ba, rufi ɗaya ya rufe duka. In ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki, kamar dogon rikicin 2019 a kan yadda ake naɗa shugabannin jami'o'i, duk jami'o'in gwamnati ke tsayawa. In kuɗin burus ya makara, ƴan ƙungiyar ɗalibai ta USN ko'ina suke fita. Tarihin nan tsoho ne, kowa ya san 9 ga Fabrairu 1990 da ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai, kuma kowane gida yana da wanda farar shekara, wato shekarar karatu da aka soke, ta taɓa cinye wa lokaci. Saboda haka tambayar da ta fi "wacce ta fi suna" amfani ita ce: waɗanda suka shiga tsangayar nan shekara takwas da suka wuce, nawa ne suka fito, kuma a shekara ta nawa? Ajin farko yana da mutum nawa, nawa ke wucewa aji na biyu, kuma in ka faɗi sau nawa ake yarda ka maimaita? Malaman dindindin nawa ne? Ɗakin karatu yana buɗewa da dare? Yarinyar da ta tashi daga gadi da asuba, da me za ta koma masauki? Ko ɗaya daga waɗannan babu wanda ya ɗauko a zauren nan. Wani ƙanen uba ma cewa ya yi a bar duka biyun a nemo mata Maroko ko Turkiyya, don waje ya fi daɗin faɗa. Bai tuna da ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a 2023 da rabin karatu a hannu ba, bai kuma tambayi yadda ake daidaita takardar waje in an dawo gida ba.

Abin kunya shi ne kakanninmu sun fi mu iya wannan zaɓin. Almajirin da ya tashi neman ilmi daga ƙasar Damagaram a da, ba gari yake tambaya ba, malami yake tambaya. In haddar Alƙur'ani yake so, ya nufi gabas, ƙasar Barno, wurin gwanin da aka shaida. In fiƙihu ne ko nahawu, ya tambayi wanda ya iya su a Kano ko Zariya ko Katsina, a wurin wa ya ɗauka, almajiransa nawa suka zama malamai, yana zama ya karantar da kansa ko wakilta wa yake yi. Yakan tambayi matafiya, ya tambayi waɗanda suka dawo, wani lokaci ya je ya zauna wata guda ya gani kafin ya ajiye gafakarsa. Kalmar tsangaya ma da muke kiran sassan jami'a da ita yau, daga wurinsu muka aro. Mun ɗauki kalmar mun yar da hankalin. Mutanen da ba su da waya, ba su da mota, sun fi mu bincike, mu da ke da intanet a aljihu muna zaɓa wa ƴaƴanmu makaranta da jita-jitar fada da saƙonnin WhatsApp.

Ba iyaye kaɗai nake tuhuma ba. Alhaji ya dogara da suna ne don suna kaɗai ya iso kunnensa. Me zai hana ma'aikatar ilmi mai zurfi ta wajabta wa kowace tsangaya fitar da takarda guda kowace shekara, shafi ɗaya tak, mai ɗauke da waɗannan alƙaluma: nawa aka ɗauka, nawa suka wuce, nawa suka gama, malamai nawa, gadaje nawa, yaushe aka fara shekarar bara kuma yaushe aka ƙare ta? A manna a kowane lise, daga lise na Kuran Daga har lise na Gure da Tanut da Magarya. A karanta a gidajen rediyon gari da Hausa, tunda tun 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, don uwar da ba ta shiga lakkwal ba ta ji da kunnenta. A sa rana guda a shekara da tsofaffin ɗalibai za su dawo lise ɗinsu su tsaya gaban ƙannensu su faɗi gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Wannan ba ya buƙatar kuɗin man Agadem, ba ya buƙatar tallafin wata ƙasa. Niyya kawai yake buƙata. A Ingila, inda ƙa'idar neman gurbi ta hana yaro neman Oxford da Cambridge a shekara ɗaya, dole ya zaɓi guda tun kafin ya nema, jami'o'in suna buɗe ƙofa su ce yara su zo su zagaya, su yi magana da ɗalibai, su ga ɗakin kwana. A Amurka kusan kowace jami'a tana bayyana kason ɗalibanta da ke gamawa. Ba na cewa mu zama su, kuma can ma cutar suna tana cin mutane. Jerin darajar jami'o'i irin na Shanghai da aka fara a 2003 yana ƙirga kyautar Nobel da yawan binciken da aka buga, ba ya faɗa maka ko akwai wanda zai tsaya ya koya wa ɗiyarka ɗinkin rauni. Amma aƙalla yaronsu yana da abin da zai riƙe ya auna. Namu duhu ake tura shi, sannan in ya yi tuntuɓe a ce ba shi da ƙoƙari.

Na san zafin abin a jikina. Lokacin da na ci tawa jarrabawar, wani aminin mahaifina ne ya zaɓa mini fanni, a zaure irin wannan, don a ganinsa shi ne mai kai mutum ofis mai sanyi. Shekara biyu na yi ina zama a ajin da zuciyata ba ta ciki, kafin na yi ƙarfin halin sauyawa, kuma shekarun nan biyu babu wanda ya mayar mini da su. Mutumin ya yi da kyakkyawar niyya. Kyakkyawar niyyarsa ba ta zauna mini jarrabawa ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa da aka kusa tashi na kasa haƙuri. Na juya ga mahaifin yarinyar, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, yana ta jan carbi don kunyar wansa. Na ce, "Malam, ɗiyarka ce. Ita za ta yi shekara takwas ɗin nan, ba ni ba, ba Alhaji ba, ba goggo ba. A kira ta ta zauna." Zauren ya yi tsit. Sai goggo ta ce daga bakin ƙofa, "Kawu ai baƙo ne a maganar ɗiya." Alhaji ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, manya ke gani masa. Na ce yarinyar da ta warware lissafin da babu ɗayanmu a nan da zai iya karanta tambayarsa, ita ce ba ta san wuta ba? Aka ce na yi rashin kunya. Na karɓa. Girmama manya wajibi ne, da shi aka raine ni kuma da shi nake rainon nawa. Amma shawara daban, ƙwace daban. Babba yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya gani a rayuwa, ya yi gargaɗi, ya ce ga iyakar abin da aljihuna zai ɗauka. Ba shi da haƙƙin ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba, ga mai abin tsaye a bayan ƙofa da tiren kofuna.

Bayan isha'i na shiga cikin gida yin sallama da ƙanwata. Na tarar da yarinyar a gindin rijiyar da ta daɗe da ƙafewa, tana ɗauraye kofunan shayinmu. Na ce, "Ɗiyata, ke fa? Wacce kike so?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaramin littafi na makaranta. Ta raba shafi biyu, Yamai a dama, Damagaram a hagu. Ta riga ta samo lambobin ɗalibai mata biyu a kowace tsangaya ta hannun malaminta na kimiyyar halittu, ta kira su da kuɗin katin da take tarawa, ta rubuta abin da kowace ta faɗa mata game da aji da asibiti da masauki. Duk tambayoyin da na yi taƙama da su a zaure, ta riga ni yin su da mako uku. Likitar mata take son zama, kuma ta san sai ta gama shekarun farko kafin a yi maganar ƙwarewa.

A ƙasan shafin akwai layi biyu da ta ja wa ƙasa da jan biro. Ta karanta mini da ƙaramar murya don kada a ji daga ɗaki. "Kawu, in na zauna nan, wa zai hana a tashe ni daga kan littafi in je in ɗora tukunya, kuma wa zai ce wa mutumin nan ya jira? In na tafi Yamai, Baffa ya ce a gidan abokinsa za a sauke ni. Matarsa tana da yara shida. Wa zai hana in zama ƴar aikinsu?" Ta ce karatun ba ya ba ta tsoro a ko'ina. Ɗaki take so, ko da rabin ɗaki ne, da ƙofar da za ta rufe.

Sa'a biyu da rabi manya bakwai suna gardama a kan sunan gari, alhali abin da zai sa yarinyar nan ta zama likita ko ta kasa, ƙofa ce da sakata.

Washegari na je tasha na sayi tikiti biyu na Yamai, nata da na uwarta, zuwa da dawowa. Za su kwana uku, ta shiga tsangayar, ta ga gidan ɗalibai mata, ta ga gidan abokin Alhaji da idonta. In sun dawo, ni da kaina zan kai ta ta nan, ta zagaya, ta tambaya ko ƴar gari tana iya samun gado a gidan ɗalibai. Mahaifinta ya yarda, a ɓoye, a bakin masallaci bayan asuba. An sa ranar Juma'a mai zuwa za a sake zama, don lokacin ajiye takardu ya matso. Na gaya masa ya shimfiɗa tabarma ta takwas, kuma a nemi wani yaro ya kawo gawayin.